Cacar da Elkana Ya So Ya Faɗi

"Ɗaga ni," in ji Elkana. "A'a, ta hammata. Kai ko buhun gero haka kake ɗauka?"

Badamasi ya tallafo shi ya jingina da bango. Nauyin da ya ji bai kai na rabin buhu ba. Cikin ne kawai ya kumbura ya tokare riga, sauran jikin duk ya tsiyaye. Tun da asibiti suka sallamo Elkana suka ce a koma gida a ci gaba da addu'a, kullum da hantsi Badamasi kan zagayo daga gidansa da ke jingine da nasu, ya ɗan zauna kafin ya wuce kasuwa wurin awon hatsinsa.

Tasalla, matar Elkana, ta ajiye kofin kunu ta fita. Sai da takunta ya yi nisa sannan Elkana ya ce, "Ka ga yaron ga?"

"Na gan shi jiya a Magama, yana ɗaure jarkoki a babur."

"Ya rame?"

"Ka aika a kira shi ka gani da idonka."

"Sai bayan Asabar."

"Wa ya ba ka Asabar ɗin, Bamaguje? Alkawari aka yi maka?"

Elkana ya yi dariya, dariyar ta koma tari. Tun yana saurayi ya shiga coci, amma Badamasi bai daina kiransa Bamaguje ba, shi kuma bai daina kiran Badamasi limamin tiya ba. Da tarin ya lafa, ya kamo bakin rigar maƙwabcin nasa.

"Ka rantse mani, ka tuna. Ba ka faɗa mashi sai an sanar."

Abin ya samo asali ne daga bakin Elkana. Duk Jibiya, daga teburin mai shayi na bakin iyaka har rumfarsa ta faci, an san duk abin da Elkana ya goyi bayansa sai ya faɗi. Ƙungiyar ƙwallon Turai da ya so tun ana jin wasa a rediyo, sai da ta gangara ƙaramin rukuni. Ɗan damben da ya yaba, bai kai ga kai naushi na biyu ba. Wata rana ya lallaɓa tayar wata babbar mota ya ce wannan kafin la'asar tana Maraɗi, ta kwana uku a Ɗan Isa da karyayyen ƙarfe. Samari kan ce, "Baba Elkana, don Allah kar ka so mu." Da farko da shi ake dariyar. Da shekaru suka tura, sai ya daina dariya, ya fara yarda.

A bana aka shirya gasar ƙwallo tsakanin ƙungiyoyin Jibiya da Riko da Daddara da sauran ƙauyuka. Aka ce ranar wasan ƙarshe, wato Asabar ɗin nan, masu horarwa za su zaɓi gwarzon ɗan wasa, kuma wani mutum daga wata ƙungiya a Katsina zai tafi da shi gwaji. Sunaye biyu ne a bakin kowa: Zunnuraini na Daddara, da Hezekiya, ɗan farin Elkana, wanda abincinsa shi ne tsallaka daji da jarkokin mai a bayan babur, hanyar da ta riga ta ci abokansa.

Elkana ya sami Badamasi a bayan rumfa ya ce, "Gobe a teburin shayi zan ce Zunnuraini ne zai ci. Kai kuma ka musa, ka ce yaron ga ne. Mu sa zakara zakara."

"Caca haramun, camfi haramun. Biyu ka haɗa mani."

"Zunubin a wuyana."

"To shi Zunnuraini mi ya yi maka da za ka ɗora mashi bakinka? Ba ɗan wani ba ne?"

Elkana ya daɗe yana murza wani guntun roba a hannu. "Ɗan wani ne," ya ce. "Amma ba nawa ba."

Sharaɗin kuwa ɗaya ne. A ganin Elkana, in maganar ta kai kunnen yaron kafin a sanar, ta warware, tsiyar ta dawo kansa. Badamasi bai yarda da wannan ba ko kaɗan. Amma ya rantse, don mutumin da ya taya ka haƙa kabarin mahaifiyarka ba ka hana shi zakara.

Abin da ba su lissafa ba shi ne mutanen teburin shayi ba wawaye ba ne. Elkana na faɗin sunan Zunnuraini wani direba ya buga cinya ya ce, "Wayo! So kake ka kashe ɗan mutane da bakinka, naka shi wuce!" Aka fashe da dariya. Elkana ya ga aikin zai lalace, sai ya ƙara itace. Ya miƙe tsaye ya ce yaron ga ƙafar faci gare shi ba ta ƙwallo ba, ya ce wanda ya saba gudu in ya hango 'yan duwan, kwastan na tsallaken iyaka, ba shi tsayawa gaban maza, ya ce ko ruwa bai isa ya ɗauko wa Zunnuraini ba. Dariya ta ɗauke. Kafin azahar maganar ta kai ga Hezekiya, ba a rage mata ko gishiri ba.

Shi kuwa ɗan fari ne. Tun da aka haife shi bai taɓa jin sunansa a bakin ubansa ba, sai "yaron ga" ko "kai". Bai taɓa ganinsa a bakin fili ba. Ya ɗauka kunya ce irin ta iyaye, ya haƙura. Ga shi ranar da uban ya fara magana kan ƙwallonsa, abin da ya fito ke nan. Ya kwashe kayansa ya koma ɗakin abokansa kusa da tasha. Ba a yi wata ba ciwo ya kwantar da Elkana.

Ranar Juma'a bayan an sauko, Badamasi ya tarar da yaron a tasha yana wanke babur.

"Sannu, Baba Badamasi."

"Yauwa. Ubanka na jin jiki ƙwarai."

"Inna ta aiko. Allah shi ba shi lafiya."

"Ba aike ake so ba. Kai ake so."

Hezekiya ya matse tsumma, bai ɗago ba. "Shi ya ce?"

Badamasi ya tuna rantsuwarsa, ya kau da kai.

"To ka gani. A kira mashi Zunnuraini shi duba shi." Ya ɗan sassauta murya. "Baba, kai da ba ka haife ni ba ka tsaya mani gaban mutane. Ba ni mantawa. In na ci gobe, kai zan fara kawo ma wa."

Wannan godiya ta fi zagi ciwo. Badamasi ya juya ya koma gida.

Asabar ta zo da zafi mai nauyi. Tun da safe Elkana ya daina karɓar ko ruwa. Fasto ya zo ya yi addu'a ya tafi, matan zumuntar coci suka zazzauna a tsakar gida suna waƙa ƙasa-ƙasa. Da la'asar ta gabato sai ƙarar lasifika ta fara isowa daga filin makaranta, iska na kawo ta tana mayarwa. Tasalla ta tare Badamasi a bakin zaure. Ba ta san komai game da shirin ba, ita dai ta ga miji da ɗa sun juya wa juna baya.

"Malam Badamasi, hancinsa ya tsaya. Na ga irin haka ga babana. Ba shi kai magariba." Ta goge fuska da gefen zane. "Ni na gaji da aike. In akwai abin da ka sani, ka ji tsoron Allah."

Ya shiga ɗakin. Idon Elkana a rufe, numfashinsa na fita kamar ana jan buhu a ƙasa. Amma kunnensa na wajen fili.

"An fara?"

"An fara."

"To zauna. Kar ka tahi ko'ina."

Badamasi ya zauna. Ya auna abin ta nan, ya auna ta can, kamar yadda yake yi da gero, amma ko wace tiya ya cika sai ta zube. In ya yi shiru, ya riƙe amana, yaro kuma zai rayu da maganar teburin shayi a matsayin kalmar ubansa ta ƙarshe. Ko daga baya ya gaya masa gaskiya, wa zai tabbatar? Zai ce lallashi ne irin na manya. In ya faɗa, ya ci amanar mai mutuwa, ya rushe abu ɗaya da mutumin ya gina da hannunsa, ya biya da ɗansa. Kuma can ƙasan zuciyarsa, inda ba ya so ya leƙa, akwai wani ɗan tsoro: in fa bakin nan gaskiya ne?

Ya miƙe.

"Ina za ka?"

"Alwala."

"Maƙaryaci," in ji Elkana, amma ba shi da ƙarfin kamo riga.

Ɗan acaɓa ya sauke shi a bakin fili ana hutun rabin lokaci. Jama'a sun yi dafifi har kan katangar makaranta, masu rake da masu ruwan leda suna ratsawa. A ƙarƙashin rumfa baƙon Katsina na zaune cikin farar riga, yana fifita da hula. Badamasi ya kutsa har inda 'yan Jibiya suka zube a ƙasa suna haki. An ce Hezekiya ne ya ci ƙwallo ɗaya tilo da aka ci.

"Baba Badamasi! Ka gani? Zakaranka ya kusa zama biyu!" in ji Hezekiya.

"Taso."

Ya ja shi gefe, bayan wata bishiyar dalbejiya. Bai yi kwana-kwana ba. Ya gaya masa maganar bayan rumfa, da yadda aka shirya musun, da direban da ya gano, da dalilin da ya sa uban ya ƙara abin da ya ƙara. Ya ce, "Ni ban tsaya maka ba. Shi ya tsai da ni. Duk abin da ka gode mani, nashi ne. Ya hana ni faɗi sai an sanar, amma ba shi kai lokacin. Ni dai na sauke. In ka ga ka ƙarasa wasanka, ba mai ganin laifinka, shi ma abin da yake so ke nan."

Hezekiya ya tsaya yana kallonsa, gumi na ɗiga daga haɓarsa. Alƙalin wasa ya busa. Mai horar da su ya fara ƙwala masa kira. Hezekiya ya dubi fili, ya dubi rumfar da baƙon yake.

"Tsohon banza," ya ce. "Tsohon banza kawai."

Ya fizge makullin babur daga hannun wani abokinsa. Badamasi ya hau baya. Har suka fita daga layin makaranta ana kiran sunansa.

Matan tsakar gida suka dare. Hezekiya ya wuce ɗakin kai tsaye da takalmansa na ƙwallo, ya durƙusa gaban gado. Elkana ya buɗe ido da ƙyar. Ya dubi rigar wasan, ya dubi Badamasi da ke tsaye a ƙofa. Daga nesa lasifika na ta zuba, alamar wasa bai ƙare ba.

"Ka faɗa."

"Na faɗa."

"Ka ɓata mani aiki, limamin tiya."

"Na ɓata."

Ya mai da ido kan ɗansa. "Kai, wa ya ce ka bar fili?"

"Ba kowa, Baba."

"Koma."

"Ba ni komawa."

Hannun Elkana ya sauko daga gefen gado yana lalube, ya sami gwiwar yaron, inda fata ta ɗaye ƙasa ta manne. Ya shafa wurin da babban yatsa a hankali, yadda yake shafa tayar da yake neman inda ta huje.

"Wa ya yi maka wanga?"

"Na Daddara ne. Ƙeta ya yi mani."

"Ka rama?"

"Na ci su ɗaya."

"Hmm," in ji Elkana. Hannun bai bar gwiwar ba. Tasalla ta shigo ta zauna a ƙarshen gado. Badamasi ya fita ya ba su wuri, ya yi alwalar da ya ce zai yi, ya yi la'asar a makare a ƙofar gidansa. Yana zaune a kan buzu ya ji waƙar matan ta tsaya, sannan kuka ya tashi.

Gab da magariba 'yan kallo suka fara wucewa ta layin, 'yan Daddara a kan babura suna ta oda. Sun rama, sun ƙara, an ba Zunnuraini kyautar, baƙon Katsina ya karɓi lambarsa. Direban nan na teburin shayi ya tsaya jin kuka, aka gaya masa. Ya cire hula.

"Allahu akbar. Yau dai Elkana ya ci caca."

Badamasi ya so ya ce ba baki ba ne, yaro ne ya bar fili da ƙafarsa. Sai ya tuna wa ya je ya kira yaron, ya haɗiye maganar.

Washegari da sassafe, kafin masu gaisuwa su cika gidan, ya zagaya. Hezekiya na zaune a zaure tare da dattawan coci ana maganar kabari. Ya gai da Badamasi da ladabi, bai ƙara komai ba, Badamasi ma bai nema ba. A tsakar gida Tasalla na shara. Daga bakin zaure zuwa ƙofar ɗaki akwai sawun takalman ƙwallo, ƙananan ramuka a jere cikin ƙasa mai laushi, taku mai faɗi irin na mai gudu. Ta share dama, ta share hagu. Da tsintsiyar ta iso bakinsu sai ta ɗaga ta, ta zagaya, ta ci gaba daga can gefe.