Attahiru Da Tsutsotsin Cikin Kwaɗi

A zamanin Turawa, cikin shekarun da aka fara haƙa magudanan noman rani a fadamar Wurno, Attahiru ne malamin ɗakin shan magani na garin. Aikinsa wanke gyambo, ba da maganin zazzaɓi, da duba fitsarin masu tsargiya, ciwon nan da ke sa mutum fitsarin jini. Bature likita na Sakkwato ya bar masa wani tsohon madubin likita, mai ƙara girman abin da ido ba ya gani, don wannan aiki. Attahiru yana son madubin nan fiye da kima. Har ruwan randar gidansa ya taɓa sawa a ƙarƙashinsa, matarsa Sabuwa ta leƙa, ta wuni ba ta sha ruwa ba.

Wata safiya da kaka, kawunsa Maccido, tsohon masunci daga Tungar Mode, ya faɗo ɗakin shan magani yana haki.

"Attahiru, tashi! Za su kashe muna tafki!"

"Kawu, zauna tukuna. Wa za shi kashe tafki?"

Maccido bai zauna ba. Ya ce tsargiya ta yi yawa a ƙauyensu bana. Jiya kuma zalɓe ya tsaga wani ƙaton burduddugi a bakin tafki ya yar, mata masu ɗiban ruwa suka ga tsutsotsi suna motsi a cikinsa. Kafin azahar kowa ya yarda kwaɗi ne ke zuba ciwon a ruwa. Maigari Mode ya sa a daka magimfa, ganyen da ake sa wa ruwa don kashe kifi, a zuba har sai ba kwaɗo ko ɗaya.

"In sunka zuba, kifina dut ya tahi," in ji Maccido. "Kai ka san magimfa ba ta zaɓe."

Attahiru kuwa idonsa ya riga ya yi ƙyalli. "Tsutsa cikin kwaɗo? Wace iri, Kawu? Doguwa ko mai faɗi?"

"Ina hwaɗa maka za ni rasa abinci, kana tambayata kamannin tsutsa!"

Ya ɗora kawun a bayan keke suka nufi ƙauyen. Sun tarar da mata suna daka magimfa a turame, Maigari yana zaune a gindin tsamiya. Attahiru ya cire takalmi ya durƙusa.

"Ranka shi daɗe, a makaranta an koya muna dodon koɗi na ka ɗauke da tsargiya, ba kwaɗo ba. Amma gaskiya ban taɓa duba cikin kwaɗo ba. Ka ba ni zuwa kasuwar Wurno mai zuwa. In na iske tsutsar kwaɗo ita ta tsutsar mutum, ni da hannuna za ni taya ku zuba magimfa."

Jikokin Maigari biyu suna cikin masu ciwon. Limamin ƙauyen ya sa baki, ya ce shi dama kisan kwaɗi bai kwanta masa ba, halitta ce mai tasbihi. Maigari ya ce to, a ajiye turamen, amma zuwa kasuwa kawai.

Maganar liman ta bar Attahiru da matsala: yaya zai duba cikin kwaɗi bai kashe su ba? Maccido ne ya tuna masa da masu bandar burduddugi. Duk kaka wasu baƙi sukan zo su yi bukkoki a bakin ruwa, su kama manyan kwaɗi, su feɗe, su busar a kan wuta, su kai kurmi inda ake ci. Kayan cikin zubar da su suke yi.

Haka malamin asibitin Wurno, da fararen tufafinsa, ya shiga yawon roƙon hanjin kwaɗi. Ya ɗaure kwalabe da tasa da aska a bayan keke, ya naɗe madubin cikin tsohon bargo. Ya fara da tafkin Tungar Mode, wanda ba ya ƙafewa ko da bazara, cike da bado da kainuwa. Ya zuba ruwan gishiri a tasa, ya tsaga huhun wani burduddugi da aska. Wasu abubuwa masu faɗi kamar ƙananan ganyen tsamiya suka zamo, suna miƙewa suna naɗewa.

"Kawu! Kawu, zo ka gani! Cikin huhu suke zaune!"

Ya tsaga na biyu, ya tsaga na uku, akwai su. Manyan kwaɗin sun fi yawan tsutsa, wani ma huhunsa a cunkushe yake, ƙananan kuwa ɗaya ko biyu.

"Tsoho ya hi daɗewa shina cin ƙazanta," in ji Maccido yana toshe hanci.

"Awo! Haka na! Kullum shina haɗiya, suna taruwa." Attahiru ya yi tsalle har ya kusa kifar da tasar.

Da ya sami sarari ya sake hawa keke zuwa Rabah. Can masu bandar suna kama nasu ne a kududdufan da damina ta bari a gefen gonakin gero, ruwan da zai ƙafe kafin rani ya tsaya. Ya zauna a kan turmi ya yi ta tsagawa, mutane sun kewaye shi suna dariya. Huhun nan fes. Sai can a hanji ya sami wasu sirara farare kamar zare, su ma ba yawa. Ya shiga kududdufin har gwiwa yana lalube, bai sami dodon koɗi ba sai ɗaya tal, shi ma ɓawo ne.

Ya dawo gida da laka har wuya, yana magana tun daga zaure.

"Sabuwa! Kwaɗon Rabah da na Tungar Mode iri ɗaya na, amma cikinsu ba ɗaya ba!"

"Malam, ka tsaya nan. Kada ka shigo min ɗaki da warin nan."

Ya tsaya a tsakar gida ta miƙa masa buta. Yana wanke ƙafa yana yi mata bayani: mai faɗin tana huhun na tafki, siririyar tana hanjin na kududdufi. Abin da ya kasa ganewa shi ne wasu burduddugin Rabah guda biyu da ya samu da mai faɗin a huhunsu, alhali ba dodon koɗi a ruwansu.

Sabuwa ta ɗaga kai daga tankaɗe. "To wa yac ce maka nan anka haife su? Da ruwan farko ba ka ganin su suna ƙetare hanya garke-garke? Baƙi na, daga gulbi sunka hau."

Ya tsaya da buta a hannu. Sai ya fashe da dariya. "Baƙi! Da guzurinsu sunka zo!"

Saura Goronyo. Ya kama hanya da sassafe, rairayi ya riƙe keken har sai da ya tura shi rabin tafiya. A can wani mai banda, Atiku, ya kai shi wani tsohon hannun gulbin Rima da ruwa ke kwanciya duk shekara. Kafin ya taɓa kwaɗo ko ɗaya, Attahiru ya juya ganyen bado, ya ga dodon koɗi manne birjik.

"Atiku, tsaya in hwaɗa maka abin da za mu iske. Huhun wanga, cike shike da tsutsa mai faɗi."

Atiku ya tsaga. Suka zubo cikin tasa.

"La ilaha illallahu! Malam, duba kaka yi?"

"Ba duba ba na, dodon koɗi na! Duk tsutsa mai faɗi sai ta bi ta cikinai kafin ta girma, haka anka koya muna. Inda babu shi, babu ita!"

Atiku ya kawo masa kuma wani kwaɗon tudu, mai kaushin baya, da jaki ya taka a gonar albasa. Wannan ba ya shiga ruwa sai don ƙwai. Cikinsa ba mai faɗi ko ɗaya, sai sirara cunkus, irin da ake kwasa daga ƙasa mai laima. Attahiru ya zauna a ƙasa yana kallon kwalabensa uku. Ruwan da kwaɗo yake zaune, abin da yake ci, da daɗewarsa a duniya, su ne suke zaɓa masa tsutsarsa.

Ranar kasuwar Wurno, Maigari Mode ya zo ɗakin shan magani da liman da Maccido da wasu dattawa. Attahiru ya kai madubin bakin taga inda haske yake. Ya ɗiga fitsarin wani mai tsargiya a kan ɗan gilashi.

"Ranka shi daɗe, rufe ido ɗaya ka leƙa."

Maigari ya sunkuya, rawaninsa ya tokari madubin, sai da aka gyara masa.

"Na ga wani abu kamar ƙwai. Da ƙaya a gindinai."

"Shi na ƙwan tsargiya. Ƙayar nan ita ka tsaga mutum har jini shi hito. To ga na tsutsar kwaɗo."

Ya canja gilashin. Maigari ya sake leƙawa, ya daɗe.

"Wanga ƙarami na. Baƙi-baƙi. Ba shi da ƙaya." Ya ɗago. "Liman, zo ka gani da idonka, kada a ce ni kaɗai nig gani."

Dattawa suka yi layi, kowa yana ture ɗan'uwansa. Wani ya leƙa ya ja da baya yana salati. Maccido ya leƙa sau uku.

"To kwaɗi sun kuɓuta," in ji Maigari. "Ɗiyanmu hwa?"

"Kwaɗin ma cuta ta kama su, ranka shi daɗe, daga gida ɗaya da mu. Tasu daban, tamu daban, amma dut dodon koɗi na ka renonsu. Shi za mu yaƙa."

A makon nan mazan Tungar Mode suka fito da lauje da manjagara suka janye bado da kainuwa, maɓoyar dodon koɗi, daga mashigar da mata suke ɗiban ruwa, suka tara a tudu rana ta busar, aka ƙone. Aka hana wanka a wannan gefen, Maigari ya sa aka fara haƙa rijiya. Masu ciwon da ya yi tsanani aka tura su Sakkwato allura. Tsargiya ba ta ɓace ba, amma damina ta gaba waɗanda suka kamu ba su kai na bara ba, Maccido kuma ya ci gaba da jefa birginsa.

Attahiru bai daina ba. Yana so ya ga abin da rani zai yi wa tsutsotsin, da abin da sababbin magudanan fadama za su kawo idan ruwa ya fara kwana a inda bai saba ba. Ya aika wa likitan Sakkwato kwalabe uku, likitan ya aiko masa da akwati guda na kwalabe babu komai, da saƙon a cika su. Tun daga nan duk ranar da ba aiki, mutanen hanyar Goronyo sukan ji ƙarar kwalabe tun kafin su hango keken, su matsa gefe su ba malam hanya.