Rabon Kofur

Mahaucin ya gane abin da ke jikin allon tun kafin likita ta buɗe baki. Matarsa na kwance a gadon gwaji, ana yawo da na'ura a ƙarƙashin haƙarƙarinta na dama, ga hoton hantarta baƙi da fari a allo. Mutum ne da ya tsufa yana farke cikin tumaki, hanta kuwa ya san ta fiye da tafin hannunsa. Ya ga ƙulle-ƙullen nan masu ruwa, manya da ƙanana, zaune cikin tsoka kamar an cusa ƙwai. Irin wannan hanta idan ta fito a kwata, malamin duba nama da bakin wuƙa yake ture ta gefe, ya ce a zubar.

Likitar ta ja shi waje, bakin ƙofa.

"Baba, kuna da kare a gida?"

"Akwai shi, 'yata."

"Me yake ci?"

Ya sunkuyar da kai, ya faɗa mata.

Karen nan, Kofur, dai don lambu aka kawo shi. Da 'ya'ya suka girma suka watse, matar ta mayar da bayan gida wurin latas da kabeji, awakin maƙwabta kuma suka mayar da shi nasu. Da kare ya zo, sai ya riƙa sintiri a bakin shinge yana hura hanci, ita ta raɗa masa sunan. Mahaucin bai taɓa shafa shi ko sau ɗaya ba, amma mutum ne da ba ya iya ganin ɓarna. Kullum idan an ture ruɓaɓɓiyar hanta ko huhu, sai ya faki ido ya jefa a leda. Abokan aiki har kukun Kofur suke ce masa. Idan ya shigo gida, matar takan tare shi da tsiya: "Ka kawo wa ɗan lelenka tsaraba, ni ina tawa?" Shi kuma ya ce ita ai ta ƙoshi da ganye. Shekara da shekaru haka suke, kuma a ransa lada yake tarawa.

Likitar ta yi masa bayani a hankali, shi kuwa ji yake kamar ana sara shi. Ruwan da ke cikin ƙulle-ƙullen nan cike yake da 'ya'yan tsutsa. Idan kare ya ci ɗanye, sai su girma a hanjinsa, ƙwansu ya riƙa fita a kashinsa, ƙwai ne da ido ba ya gani. Ƙwan ya zauna a ƙasa, ya manne a ganye, ya hau hannun mai cire ciyawa. Shi karen lafiyarsa ƙalau. Mutumin da ya haɗiya ne abin ke yi wa gida a hanta, ya yi shekaru yana girma shiru.

"Za a iya cirewa?"

"Za mu fara da magani, sannan mu gwada aiki. Amma sun yi yawa, Baba, har sun hau huhu. Ba zan ɓoye maka ba."

"To ita kada ki gaya mata daga ina ne. Don girman Allah."

Likitar ta dube shi, ta ce wannan tsakaninsu ne, amma karen lallai a kai shi a duba.

Washegari ya ɗaura wa Kofur igiya, ya ja shi zuwa asibitin dabbobi, da niyyar ya baro shi can ko da rai ko babu. Likitan dabbobin ya saurare shi, ya ɗauko ƙwaya ɗaya, ya cusa a ɗan gutsuren burodi. Kofur ya cafe ya haɗiye, yana kaɗa wutsiya.

"Shi ke nan?"

"Shi ke nan, maigida. A binne kashinsa na 'yan kwanakin nan, a dawo da shi lokaci-lokaci. Kuma kada ya ƙara ganin ɗanyen kayan ciki."

Mahaucin ya tsaya riƙe da igiya, baƙin ciki ya cika shi. Ƙwaya ɗaya ce, ko girman wake ba ta kai ba, kuma tana nan a kan kantar asibitin duk shekarun nan. Kare ya warke kafin su kai gida, matarsa kuma tana can tana numfashi da ƙyar.

Ta sha magani har ya gundure ta, ta rame, idonta ya yi rawaya. Ranar aiki aka shiga da ita, shi ya zauna a benci ya shirya wa doguwar jira. Ba a daɗe ba sai ga likitar ta fito tana cire safar hannu. Tun daga saurin fitowar ya sani. Shi ma idan ya farke ciki ya ga abu ya wuce gyara, ba ya ɓata lokaci a kai.

"Mun buɗe, mun rufe, Baba. Babu inda za a sa wuƙa. Ku kai ta gida ta huta."

Ya kai ta gida. Latas duk ya bushe, shi ne ya daina ba shi ruwa, don ko kallon wurin ba ya iyawa. Ya shimfiɗa mata tabarma a inuwar baranda, ya jingina ta da matashi. Kofur ya zo ya kwanta daga nesa, haƙarƙarinsa a waje, domin tun ranar hoton nan ban da ragowar tuwo mai sanyi babu abin da yake samu, shi ma sai an tuna.

Ta daɗe tana kallon karen.

"Baban yara, me Kofur ya yi maka?"

"Ba komai."

"Dubi yadda ya koma. Ka daina kawo masa rabonsa ne?"

Ya buɗe baki zai faɗa mata, wallahi ya yi niyya. Amma ya ga hannunta a kan cikin da aka ɗinke, ya ga ba ta da sauran abin jingina a duniya sai yardar da ta yi da shi, ya kasa.

"Kasuwa ce ta canja," in ji shi.

"A'a, kada ka yanke alherin da ka saba, ba yanzu ba." Ta ja numfashi, ta jira ya daidaita. "Gobe ka kawo masa hantar nan, babba. Ka ba shi da niyyar sadaka a kaina, ko Allah zai dube ni ya ba ni sauƙi."

Kofur ya ji an ambaci sunansa ɗazu, har yanzu wutsiyarsa na bugun ƙasa. Mahaucin ya gyara mata matashin, ya juya fuskarsa wajen bango.

"To," ya ce. "Zan kawo."