Yadda Ake Kiran Kurma

"Umma, me ya sa ake jifan Baba kamar akuya?"

A bakin ƙofar masana'antar da babanta ke aiki 'yata ta yi mini wannan tambayar, ƙaninta a bayana, kular abincin maigidana a hannuna. Shekarunta biyar. Na ce ta yi shiru, wasa suke yi. Ta ce ai Baba bai yi dariya ba.

Ni ma na gani. Maigidana kurma ne, tun yana yaro zazzaɓi ya tafi da jinsa. Shekara shida ke nan yana kan babban injin zarto a wurin da ake ƙera kujeru da ƙofofi. Ɗakin aikin dogo ne, ƙarar injuna ta cika shi. Idan foman, wani da suke kira Dogo, yana neman mai ji, usur yake busawa. Idan maigidana yake nema, ba ya ɓata ƙafarsa. Sai ya duƙa ya ɗauki guntun katako daga tarin da ke ƙasa, ya auna bayansa. Sauran ma'aikata sun koya a wurinsa. Daga baya na ji har gasa suke yi, wanda ya sami tsakiyar kafaɗa shi ne gwani.

Da ya dawo gida na sa shi ya tuɓe riga. Bayan nan duk tabo, wani ya daɗe har ya yi baƙi, wani sabo fil. Shekara da shekaru ina shafa masa man zafi, ina zaton ɗaukar katako ce. Na tambaye shi da hannu, yadda muke magana. Ya amsa cewa haka ake kiransa, in bar maganar, aiki ba ya samuwa ga irinsa.

Ban bari ba. Na je wurin malamar da ta koya mini maganar hannu kafin aurenmu. Ita ta gaya mini akwai doka: mai ba da aiki ba shi da ikon wulaƙanta ma'aikaci ko korarsa saboda nakasa, kuma dole ya gyara wurin aiki yadda zai dace da shi. Na tambayi maƙwabcinmu mai gyaran wuta. Ya ce abin ba wuya, jan ƙwan lantarki a saman injin, makunni a teburin foman, aikin rabin yini. Na zauna na rubuta takarda da hannuna, na sa komai a ciki.

Manaja ya karɓe ni da fara'a, har ya sa aka kawo mini ruwa. Ya karanta, ya dubi goyona, ya yi murmushi.

"Malama, lauya kika goyo mana ne?"

Ya ce su fa taimako suka yi da suka ɗauki mijina, ba kowa zai yarda ya sa kurma a kan inji ba. Ya ce zai duba. Ya jefa takardar a aljihun tebur.

Daga ranar sunan maigidana ya koma mijin lauya, gutsattsarin katakon kuma suka ƙara girma. Ya riƙa dawowa yana tafiya a karkace. Na ce zan koma ofishin, ya riƙe mini hannu ya girgiza kai.

Kwana tara bayan na kai takardar, Dogo ya ɗauki ƙafar kujera, irin mai kaurin nan da ba a gama gogewa ba. Ta sauka a bayan kunnen maigidana daidai lokacin da yake tura katako cikin zarto. Ya tafi gaba, hannunsa na dama ya riga shi. Injin bai tsaya ba sai da wani ya ruga ya kashe. Yatsu uku. An ce a cikin garin katako aka tsinto biyu, na ukun ba a gan shi ba.

Ina hanya da abincinsa aka kira ni, na zarce asibiti. Likita ya ce sun rufe ciwon, zai warke, ya gode wa Allah tunda hannun bai tafi duka ba. Ban iya gaya masa cewa da yatsun nan mijina yake kiran sunan 'yarsa ba. Da su yake cewa ya gaji, da su yake tsokanata. Shi a hannu bakinsa yake.

Na fito baranda na tarar da ma'aikatan sun zo dubiya, sun jeru a jikin bango. Dogo na gabansu da ledar lemo. Ya matso, ya sassauta murya.

"Yi haƙuri, matar ƙanina. Tsautsayi ne. Kin san shi ba ya ji."

Idona ya rufe. Kular nan ta ƙarfe ce, cike take, ko buɗe ta ba a yi ba. Na ɗaga ta da hannu biyu na sauke masa a fuska. Na ji hancinsa ya ba da wani sauti. Ya durƙusa, na ƙara masa a baki, na ƙara a ka. Jini ya wanke masa gaban riga, haƙori ɗaya ya gangara ƙarƙashin benci, lemon ya watse. Ɗana yana tsala ihu a bayana, ban ji shi ba. Sai da masu gadi biyu suka murɗe mini hannu na dawo hayyacina, na ga wayoyi a ɗage. Na ƙirga bakwai.

Muka shigar da ƙarar kamfanin ta hannun ofishin kare haƙƙin masu nakasa. Lauyar ofishin mace ce mai dogara sanda, ba ta da yawan magana. Ta ce doka tana tare da mijina, ba ko shakka. Amma doka hujja take ci. Kamfanin ya ce ba a taɓa jifan kowa ba, tabon bayansa na ɗaukar kaya ne, takardata kuma ba su gan ta ba. Maza ashirin a ɗakin nan, kowa ya ce idonsa na kan aikinsa. Shekara shida ana jifa, babu hoto ko ɗaya. Nawa bidiyon kuwa, na minti guda, yana wayar kowa, har da sautinsa.

Lauyan kamfani ya zo da takardu biyu. Idan maigidana ya janye ƙararsa, ya rubuta cewa da kansa ya ajiye aiki, Dogo zai yafe mini. Idan ya ƙi, za a gurfanar da ni. Lauyarmu ta ce shari'o'in daban suke, tana ganin za mu iya cin tamu, sai dai ba za ta yi mini alkawarin ba zan kwana a gidan yari ba. Na ce na yarda, a kai ni. Da gaske nake.

Na fassara wa maigidana komai, ban rage ba. Ya ɗaga hannun da ke naɗe zai yi magana, ya tsaya yana kallonsa. Sai ya sake da na hagu, a hankali, kamar mai koyo. Sau biyu ya yi kafin na gane. Yara, yake cewa. Ya jawo takardun, ya sa hannu da hagu, rubutun ya fita a karkace. Dogo ya koma aiki bayan mako biyu.

Yanzu maigidana yana gida. Da safe su zauna da 'yarsa a kan tabarma, yana koyon magana da hagu, ita tana gyara masa, wani lokaci har ta yi masa faɗa.

Ke da kike karanta wannan, idan kina da naki da ake ci wa fuska a wurin aiki ko a makaranta, ranar da kika tsaya gaban wanda ya cuce shi, ki ajiye duk abin da ke hannunki a ƙasa kafin ya buɗe baki. Waya tana aljihun kowa. Ba ta fito ba lokacin da ake jifan naki, amma za ta fito ranar da kika rama.