Zaitun Ba Ya Jiran Watanda

Tasadit ba ta mallaki komai a duniya ba sai bishiyoyin zaitun tara da mijinta ya bari a gangaren dutse, da randar mai a ƙuryar ɗaki. Ɗanta Lunis, mai aiki a birnin Aljas, ya riga ya yanke magana: in bana ma randar ba ta cika ba, zai sayar da gangaren, ya ɗauke ta zuwa bene hawa na shida, inda ko kaza ba a kiwo. Ta ce ta yarda, don a lokacin rassan har sun sunkuya da 'ya'ya.

Farkon kaka ta ga tabon, ɗan ɗigo a jikin 'ya'yan kamar an soka allura. Ta kai wa Feruja, 'yar ƙanenta da ta karanta aikin gona. Feruja ta tsaga ɗaya da farce, sai ga farar tsutsa kwance.

"Goggo, ƙudan zaitun ne. Ya huda fata ya yi ƙwai."

"Tsutsa ai mun saba. Uwata da tsutsa ta matse nata, ba wanda ya mutu."

"Ba ita nake tsoro ba. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Ruwa na sauka, fumfuna za ta bi ta hujin nan ta ruɓar da su a kan reshe. Ki tsinke yanzu, ko da kore ne."

"Kafin watanda? Ke 'yar nan, karatu ya taɓa miki kai."

A ƙauyen ba mai taɓa ɗan zaitun sai dattawa sun yanka sa, an raba nama gida-gida, an shafa fatiha. Wanda ya riga mutane, ba mai zuwa masa gayya har ya mutu. Duk da haka maganar ta hana Tasadit sakat, sai ta tari babban dattijon a ƙofar masallaci.

"Yaya Arezki, a matso da watanda bana. Ƙuda ya shiga zaitun."

"Mutanenmu na Faransa ba su iso ba, sai nan da mako uku," in ji shi. "Ƙuda ne zai sauya mana abin da kakanni suka bari? Gobe sauro ma ya ce a ɗaga masa Idi."

Mazan da ke wurin suka yi dariya. Duka fa da tabon nan a gonakinsu, amma mai albashi da mai ɗa a ƙasar waje dariya ba ta yi musu tsada.

Wata safiya ta ɗauki kwando ta gangara ita kaɗai. Har ta kama reshe, sai ta hango mata biyu a hanyar rijiya suna kallonta. Ta saki reshen, ta tsinko ciyawa ta zuba a kwandon. Kunya ce ta ci ta, kuma ta sani.

Ruwa ya sauko, mai ɗumi, kwana takwas ba ɗaukewa. Ɗigon allura ya zama baƙin tabo mai faɗi, tabon ya fara fitar da wani jan danƙo. 'Ya'yan suka yamushe, suka riƙa faɗuwa da kansu. Ranar watanda aka kawo mata kasonta na nama, ta karɓa ta yi godiya.

Matan gayya sun zo da waƙa, amma kafin bishiya ta biyu waƙar ta mutu a bakinsu. Abin da aka tsinta aka kai injin matsa. Man ya fito ja, yana warin ruɓa, ko rubu'in randar bai kai ba. Ta tsoma gurasar sha'ir a ciki, ta kai baki, ta tofar. Shekara arba'in ba ta taɓa tofar da man gangaren nan ba, sai ta zauna ta yi kuka.

Da yamma Lunis ya bugo waya.

"Inna, yaya randa?"

Ta dubi randar, ta juya ta dubi gangaren, sannan ta ce:

"A benen nan naku, akwai tagar da ke kallon dutse?"

"Babu, Inna. Bangon maƙwabta take kallo."

"To," in ji ta. "Ka zo ranar Juma'a."