Ranar da Aka Kira Ta Eula

Kowa a cocinsu na baƙaƙen fata da ke Atlanta, a Amurka, ya san ba a kiran tsohuwar nan da sunanta na yanka, Eula, sai da Misis Pettway. Ba girman kai ba ne. Uwarta ta shekara tamanin a duniya, ba Baturen da ya taɓa ce mata Misis, sai dai a kira sunanta gatsal kamar 'yar aike. Ita kuma Misis Pettway shekara arba'in ta yi a fim tana ɗaukar faranti, tana zare ido, tana ɓaɓɓaka dariya a bayan matan Turawa. In fim ya ƙare aka jero sunaye, sai ka ga an rubuta mata "mai aiki" ko "kuku", shi ke nan.

Da Corinne Battle, yarinyar da ta girma a gabanta, ta zama darakta, har gida ta je ta yi mata alkawari. "Misis Pettway, wannan karon alƙaliya za ki fito. Ba faranti, ba zare ido."

"Ke dai rage cika baki, 'yar nan," in ji tsohuwar. Amma washegari sai ga ta wajen gyaran gashi.

Ranar ɗauka, mai kamfanin fim ɗin, wani Bature wai shi Mista Doyle, ya jawo kujera ya zauna kusa da Corinne. Fim ɗinta na farko ke nan, kuma fitarsa ko rashin fitarsa a bakin mutumin nan take. Misis Pettway ta hau kujerar shari'a, ta yanke hukunci a natse, muryarta ko rawa ba ta yi ba.

Mista Doyle ya karkato ya ce wa Corinne, "Abin ya yi lami. Mutane dariya suke so. Ce wa Eula ta ƙara gishiri."

Da ma shiru Corinne ta yi, da da sauƙi. Amma ina, tsoro ya riga hankali isa bakinta. Ta ɗaga murya a gaban mutum talatin ta ce, "Eula, a ɗan ƙara gishiri."

Sai da sunan ya fita sannan ta ji shi. Baƙaƙen fatar da ke wurin, daga mai kyamara har mai kwalliya, kowa ya sunkuyar da kai.

Misis Pettway ta dube ta, ba fushi ba komai, ta gyara zama. Aka kunna kyamara. Ta zare ido, ta riƙe ƙugu, ta murguɗa baki, ta fashe da dariyar nan ta dā. Ta iya kam, ai ba a koya wa kifi iyo. Mista Doyle har da bugun cinya.

Kunya ta rufe Corinne, ji take kamar ƙasa ta tsage ta shige. Ta taso, ta matsa kusa, ta yi ƙasa da murya. "Misis Pettway, don Allah ki yafe mini. A sake ɗauka, irin na farko."

Tsohuwar ta miƙe tsaye cikin rigar alƙalai, ta haɗa hannuwa a gabanta, ta sauke ido ƙasa, ta sa wata siririyar murya da Corinne ba ta taɓa ji ba sai a tsofaffin finafinai.

"Yadda kika ce haka za a yi, uwar ɗakina. Akwai wani abin da zan kawo miki?"