Munduwar Na'ima

Ciwon dajin mama ne ya kashe mahaifiyar Na'ima, ya dawo ya ɗauke yayarta. Shi ya sa da Patience, nas a Birnin Gwari, ta tare ta a kasuwa, sai ta sauke ƙwaryar kindirmonta ta saurara.

"Likitoci a Kaduna suna bincike da na'urar MRI," in ji Patience. "So suke su gane alamun ciwon a hoto tun hannu bai ji ƙullutu ba. Irinku masu shi a dangi suke nema. Amma fa maganaɗisu ne da ita, ba a shiga da ƙarfe, ko da allura ce." Ta dubi hannun Na'ima. "Wannan fa?"

Munduwa ce, tun tana budurwa aka sa mata a rugarsu ta bayan Dogon Dawa, hannu ya yi kauri ya riƙe ta gam. An gwada sabulu, an gwada man shanu, ina! Mijinta Jumare ya ce shi bai ga dalilin yanka abu mai kyau ba, alhali ko ciwon kai ba ta yi. Ka ji mutum! Da saniyarsa ce ta yi tari, ai da ko abinci ba zai ci ba.

Na'ima ba ta ja da shi ba. Da kasuwa ta zagayo ta miƙa wa maƙeri hannu, ta kau da kai, ta sha kukanta.

Hanyar Kaduna kuwa, har suka fita dajin 'yan bindiga kowa addu'a yake ta yi a motar. Aka kwantar da ita rub da ciki, na'ura na ta bugu kamar ana daka, ita tana ta salati. Hoto ya nuna ɗan tabo a maman hagu, bai kai ƙwayar wake ba. Aka gwada, ciwon ne. Aka cire.

Bayan sati uku Patience ta kira su asibiti, da takarda a hannu.

"An kama shi da wuri, bai je ko'ina ba. Sai magani da zuwa dubawa."

"Sista, ba za a yanke maman ba?"

"Ba za a yanke ba."

Na'ima ta zauna daɓas a ƙasa, daɗi ya rufe ta, ga dariya ga hawaye. Jumare ya kasa haɗa ido da kowa, sai alhamdulillahi yake ta jerawa. Can ya gyara murya.

"Sista, tana da ƙanwa, Halima. A rubuta sunanta."