Kujerar Bakin Teku

Mai kantin ya sa ƙafa ya shuri gindin 'yar kujerar, nan take ta naɗe ta kwanta kamar faranti. Ya ɗaga ta da yatsa biyu ya miƙa wa Najwa.

"Riƙe ki ji," ya ce da Larabcinsa na mutanen Yaman. "Ba nauyi. Amma faɗa mini tukuna, wa zai zauna a kai, kuma a ina? Kujera kamar takalmi ce, sai an san ƙafar."

Najwa ta karɓa ta jujjuya. Ita ce kuwa abin da ta fito nema: ƙafafun ƙarfe a gicciye, tamfol mai kauri a sama, tsayinta daidai yadda tsohuwa za ta miƙe ba sai ta dafa ƙasa ba. Da ita kaɗai ta shigo kantin, da ciniki ya ƙare a nan. Sai dai ga Nuha tsaye a gefenta tana latsa waya.

Nuha abokiyar aikinta ce, tare suke karɓar marasa lafiya a teburin shiga na wani asibitin kuɗi a unguwar Sharafiyya. 'Yar ƙasa ce, Balarabiya, mai mota, mai kirkin da har yakan yi yawa. Tana jin Najwa za ta kasuwa ta ce yalla, ita za ta kai ta. Iyakar abin da ta sani game da mahaifiyar Najwa shi ne tana gida tana fama da gwiwa. Maganar gwiwar dai gaskiya ce.

Amma Zubaidatu, mahaifiyar tata, ba gida take wuni ba. Kullum bayan la'asar tana gefen wani masallaci a unguwarsu Hindawiyya, zaune kan bokitin fenti da aka kife, ta shimfiɗa zane ta jera ƙuli-ƙuli da yaji da kuka da daddawa. Basɗa ake ce wa irin wannan kasa kayan a bakin titi, kuma hukuma ta hana. Iƙamarta, wato takardar izinin zama a ƙasar, ta mutu tun rasuwar mijinta, ba kafilin da zai tsaya mata ya sabunta. Duk ranar da aka kama ta aka tambayi takarda, sai gidan tarhil inda ake tsare waɗanda za a kora, daga can sai jirgi zuwa ƙasar da ta baro tun tana amarya. Da wannan basɗar aka yi wa Najwa karatu har ta sami aikin da take sa turare ta je.

"Wannan ita matan Takari suke saya, masu basɗa," in ji mai kantin, yana tallar hajarsa da zuciya ɗaya. "Baladiyya masu kamen hukumar gari na ɓullowa, shuri ɗaya, a hammata, sai ka neme su ka rasa!"

Ya yi dariya. Nuha ta ɗago kai daga wayar.

"Haram, wallahi tausayi suke ba ni. Cikin wannan zafin!" Ta dubi Najwa. "Ta Khala ce, mamanki, ko? Ai ba irin wannan kike nema ba."

Da zagi Nuha ta yi, wataƙila da Najwa ta sami abin cewa. Tausayin ne ya ɗaure mata harshe. Ta ajiye 'yar kujerar kamar ta taɓa murfin tukunya mai zafi.

"La, a'a," ta ce. "Ta shan iska ce. Bakin teku. Umma tana son bakin teku."

"To ki ce haka mana!" in ji mai kantin.

Ya jawo wata doguwar jaka ya zaro shuɗiyar kujera, mai majingina da hannuwa, har da ramin ajiye kofi. Sai da ya saki maƙalai biyu ya girgiza ta sannan ta buɗe. Mazauninta kuwa can ƙasa, ya lotsa kamar zanen goyo. Nuha ta faɗa ciki ta miƙe ƙafa ta ce wallahi barci za ta yi. Najwa ta biya, tana murmushin dole.

A bakin babban titi ta sa Nuha ta sauke ta, kamar kullum, wai lungunsu ba ya shiga da mota. Ta saɓa jakar a kafaɗa ta nausa cikin Hindawiyya, igiyar tana cin wuyanta. Dabararta ita ce ta zagaya ta baya, ta tura abin a ƙarƙashin gado, gobe ta koma ita kaɗai ta canza. Ta manta da idon Hikima, maƙwabciyar uwarta a basɗa, wadda ko allura ta wuce a cikin jaka sai ta san launinta. Ita ce ma ta tsegunta wa Najwa cewa bokitin nan zai ƙarasa gwiwar uwarta, don Zubaidatu ba za ta taɓa faɗa ba.

"Zubaidatu! Ga 'yar taki nan da kaya kamar mai zuwa Arfa!" in ji Hikima.

Zubaidatu ta kau da kai tana gyara ƙullin yaji. Najwa 'yar farinta ce, ba ta kiran sunanta, ba ta yabonta a gaban mutane, ba ta taɓa roƙonta ko ruwan sha ba.

"Me kuma aka kwaso?" ta tambayi iska.

"Kursi ne, Umma. Kujera. Saboda gwiwarki."

Kafin ta rufe baki mata sun kewaye ta. Aka zaro, aka yi ta kokawa da maƙalan har ta buɗe, sai shewa ta tashi. Hikima ta janye bokitin ta ce yau ya yi ritaya. Suka kama Zubaidatu suka zaunar da ita, ta nutse ciki, gwiwoyinta suka taso sama.

"Kai, Hajiya ta zama kafila!" in ji Hikima. "Saura gahawa a ramin nan, mu kuma mu riƙa kawo gaisuwa."

Zubaidatu ta shafa hannun kujerar. Ta dubi ƙafafunta, ta dubi igiyar da ta zagaya bakin zanenta, wadda ja ɗaya ake yi kaya su dunƙule su zama ƙunshi. Daga inda take kishingiɗe hannunta ba ya kai wa igiyar. Najwa ta ga wannan kallon, ta kuma san uwarta ta gane komai game da kujerar nan tun zaman farko. Amma ita ce abu na farko da 'yarta ta taɓa kawo mata nan, a gaban ƙawayenta.

"Allah ya yi albarka," in ji Zubaidatu, tana kallon bangon masallaci.

Najwa ta tsaya tana neman yadda za ta ce a tashi a mayar da bokitin. Tana cikin haɗa maganar da Hausarta mai tuntuɓe aka kwarma ihu daga bakin layi.

"Baladiyya!"

Abin da ya biyo baya ba ta taɓa gani da idonta ba, don ba ta taɓa daɗewa a wurin haka ba. Igiyoyi suka ja, zannuwa suka dunƙule, mata masu jiki da tsofaffi suka bi lunguna da ƙunshi a ka. Ko Hikima sai ƙurar takalminta. Layin da ke cike ya koma fili, saura mace ɗaya a shuɗiyar kujera.

Zubaidatu ta yunƙura, tamfol ɗin ya mayar da ita. Ta sake yunƙurawa ta dafa hannun kujerar, gwiwar ta ƙi. Najwa ta kama damtsenta tana ja. Farar mota ta riga ta shawo kwana, da ɗan sanda a gaba.

"Sake ni," in ji uwar a hankali. "Tafi. Ba ki san ni ba."

"Umma..."

"Ki tsira da aikinki. Tafi, na ce!"

Sai ta ɗaga murya da gurɓataccen Larabcinta na kasuwa, ta ture hannun Najwa. "Ba ragi, ya binti! In ba ki saya, ki ba ni wuri!"

Najwa ta ja da baya. Ba wanda ya tura ta, ƙafafunta ne suka yi abin da suka saba. Ta tsaya a gefe da jakar hannunta kamar mai wucewa, tana kallon wani ma'aikaci yana tattara ƙuli-ƙulin uwarta yana jefawa a bayan mota. Abin da ya fi ƙona ta shi ne yadda maganar ta zo wa Zubaidatu a sauƙaƙe, kamar wadda ta daɗe da sanin cewa haka ake yi da ita a can inda 'yarta take aiki. Kunya ta rufe Najwa.

Ɗan sandan, saurayi ne da bai fi sa'ar Najwa ba, ya tsaya a kan tsohuwar. "Iƙama, ya hajja." Ya juyo ya ga katin asibiti a rataye a wuyan Najwa. "Ke kin san ta?"

"Mai saye ce," in ji Zubaidatu da sauri.

"Ummi ce," in ji Najwa. Ta sake faɗa da ƙarfi har na cikin mota ya waiwayo. "Uwata ce. Gwiwarta ba lafiya. Ni na kawo mata kujerar nan, ta kasa tashi."

Ta matso ta durƙusa a ƙasa da abayarta ta aiki, ta riƙe ƙafar uwar. Saurayin ya dubi tsohuwar da ta nutse a kujerar shan iska, ya dubi 'yar. Daga mota ana yi masa hon, an hango wasu masu basɗa a layin gaba.

"Halas, shi ke nan. Ɗauke ta daga nan. Kada in sake ganinta a wurin."

Motar ta wuce da kayan duka, har zanen da igiyarsa.

Sai da Najwa ta rungumo ta ta baya sannan Zubaidatu ta miƙe. Kujerar ta ƙi komawa jakarta, dole Najwa ta ɗauke ta a buɗe, ƙarfen yana bugun ƙaurinta. Suka bi lungu a hankali ana kiran magariba. Najwa ta so a ce uwar ta zage ta, da ya fi mata sauƙi. Sun kusa ƙofar gida uwar ta tsaya ta dafa bango tana hutawa.

"Mai kantin bai tambaye ki ta mece ce ba? Ai suna tambaya."

"Ya tambaya."

"Kika ce me?"

Najwa ta sunkuyar da kai. "Na ce... ta bakin teku ce. Na ce kina son shan iska a bakin teku."

Zubaidatu ta dubi kujerar, da majinginarta da ramin kofinta.

"Tunda na zo garin nan ban taɓa zama a bakin tekun ba," ta ce. "Ta mota kawai nake hango shi." Ta saki bangon ta ci gaba da ɗingishi. "Ran Juma'a sai a kai ni. Kada a ce 'yar mutane ta yi ƙarya."